BABI NA UKU: MATSAYIN BAƘO A IDON KANAWA, DAGA ZUWAN WANGARAWA ZUWA ZAMANIN SABON GARI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin kafuwar birnin Kano da yadda ya bunƙasa har ya zama cibiyar ciniki a ƙasar Hausa. A wannan babi kuwa za a duba yadda mutanen Kano suka riƙa ɗaukar baƙin da suka zo suka zauna tare da su. Tambayar da babin ya sa a gaba ita ce, me ya sa waɗansu baƙi suka saje suka zama Kanawa tun daga kan 'ya'yansu, waɗansu kuwa har kan jikokinsu ba a daina kiran su baƙi ba? Za a yi ƙoƙarin nuna cewa ƙabilar da mutum ya fito ba ita ce babban ma'auni ba a wurin Kanawa. Abin da suka fi dubawa shi ne addinin baƙo, da harshen da yake magana da shi a gida, da auratayya, da kuma ko yana ƙarƙashin hukuncin Sarki da alƙalinsa. Mulkin Turawa ne ya zo ya toshe waɗannan ƙofofi ga wani rukuni na baƙi.

3.1 Baƙo da Ɗan Gari

Bahaushe na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Wato a tunaninsa baƙo mai wucewa ne, zai kwana ya tashi. Saboda haka ne aka tanadar masa fatoma, wato mai masauki, wanda zai ba shi ɗaki da abinci, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan wata magana ta taso. Baƙon da ya yanke shawarar zama kuwa, mai masaukinsa ne zai kai shi wurin mai unguwa, daga nan a yanka masa fili. Ke nan tun ranar da ya sauka akwai ɗan gari da ya san shi, yake kuma ɗauke da nauyinsa. Wannan tsari shi ne ginshiƙin duk abin da za a faɗa a ƙasa.

Yana da kyau a tuna da Maguzawa a nan. Babu wanda ya fi su asali a ƙasar Kano, Hausa kuma ita ce harshensu, amma da yake ba su karɓi Musulunci ba, sai mutanen birni suka riƙa kallon su a matsayin na gefe, suna biyan jiziya. Alhali kuwa malamin da ya zo jiya daga Barno yana iya yin limanci yau.

3.2 Baƙin da Suka Zama Kanawa

Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya nuna cewa a zamanin Sarki Yaji (1349-1385) ne Wangarawa suka zo daga Mali, su kimanin arba'in, ƙarƙashin jagorancin Abdurrahman Zaite. Akwai wata majiya ta Wangarawan kansu da ta kai zuwan nasu zamanin Muhammadu Rumfa, amma wannan saɓani bai shafi abin da ake magana a kai ba. Abin lura shi ne irin karɓar da aka yi musu: daga cikinsu aka naɗa liman da ladan da alƙali da mai yanka. Har yau akwai unguwannin Mandawari da Zaitawa da ake danganta sunayensu da waɗannan mutane, kuma babu wanda zai je can ya ce da mazauna wurin baƙi.

Haka abin ya ci gaba. A zamanin Sarki Dauda (1421-1438) Dagaci ya zo daga Barno da jama'a masu yawa aka saukar da shi a Ɗorayi. A zamanin Yakubu (1452-1463) Fulani suka zo da littattafan tauhidi da lugga. A zamanin Rumfa (1463-1499) Shehu Magili ya sauka a Kano, zuriyar da ake dangantawa da shi kuma su ne Sharifai, waɗanda shugabansu ke riƙe da sarautar Sidi Fari. Fulanin nan da suka zo a matsayin malamai da makiyaya su ne suka karɓi mulki bayan jihadi, aka naɗa Sulaimanu a 1807, Ibrahim Dabo na gidan Sulluɓawa ya gaje shi a 1819. Sai dai kafin ƙarnin ya ƙare galibin Fulanin birni sun bar Fulatanci sun koma Hausa. Masu mulki ma birnin bai bar su yadda suka zo ba.

Sunayen unguwannin cikin ganuwa kaɗai sun isa shaida. Akwai Tudun Nufawa, da Zangon Barebari, da Alfindiki wadda sunanta ya fito daga kalmar Larabci mai nufin masaukin fatake, da kuma Dandalin Turawa. Turawan da ake nufi a nan ba na Ingila ba ne, Larabawan Gadamus da Tarabulus ne, domin su Hausawa suka fara kira da wannan suna. Waɗannan Larabawa sun riƙe ɗan bambancinsu, amma sun haifi 'ya'ya da matan ƙasa, 'ya'yan suka tashi da Hausa a bakinsu, har abincinsu irin su alkaki ya shiga cikin kayan garar Kanawa. Da Barth ya zo Kano a 1851 ya ƙiyasta mazauna birnin da 30,000, ya ce adadin yakan ninka a lokacin da fatake suka cika gari.

Misalin Agalawa da Tokarawa ya fi na Larabawa ƙarfi, domin su ba da daraja suka zo ba. Kamar yadda Lovejoy (1980) ya nuna a nazarinsa na fataucin goro, asalinsu Bugaje ne, wato mutanen da ke ƙarƙashin Abzinawa, waɗanda suka gangaro kudu suka zauna a ƙauyukan Katsina da Kano. Suka bar harshensu, suka kama Hausa, suka riƙe karatu da fataucin Gwanja. Sunan Agalawa bai ɓace ba, amma ya tashi daga sunan baƙi ya koma sunan gida, kamar yadda ake cewa wane Basharife ne ko wane Bamalle ne. Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, Ba'agale ne, kuma in ana lissafin attajiran Kano da shi ake farawa.

Ba za a ɓoye ba, ba kowa ne ya shigo wannan al'umma da son ransa ba. Dubban bayi da aka kamo daga ƙasashen kudu da ba na Musulmi ba su ma sun saje, ta hanyar musuluntarwa da ƙwarƙwaranci da 'yantawa. 'Ya'yansu cucanawa sun tashi ba su san wani gari ba sai Kano, waɗansunsu har suka riƙe manyan sarautun bayi irin su Shamaki da Ɗanrimi da Sallama. Wanda duk yake yabon karɓar baƙi irin ta Kano ya kamata ya tuna cewa wani ɓangare nata da igiya a wuya aka yi shi.

Rukunin da ya fi muhimmanci ga wannan nazari shi ne Yarabawan Ayagi. A zamanin Sarki Ibrahim Dabo (1819-1846) ne fatake Musulmi daga wajajen Ilori da Ogbomosho suka sami wurin zama a cikin ganuwa, unguwar ta ɗauki sunan Ayagi, wanda lakabi ne da Hausawa ke yi wa Yarabawa. Sun yi salla a masallatan gari, sun kai ƙara gaban alƙalin gari, sun biya haraji ta hannun mai unguwa, sun ba da aure an kuma ba su. Zuriyarsu a yau Kanawa ne, da yawansu ba sa jin Yarabanci. A riƙe wannan misali, domin ƙasa da shekara ɗari bayan haka waɗansu Yarabawan sun zo Kano daga garuruwan nan guda, da yawansu Musulmi, amma ba su sami irin wannan makoma ba.

3.3 Kafuwar Sabon Gari

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka naɗa Abbas a gurbin Sarki Alu. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga jama'a a 1912, cinikin gyaɗa kuma ya tashi a wannan shekara. Gwamnati da reluwe da kamfanoni irin su Kamfanin Neja da John Holt duk suna bukatar akawuna da masu awo da kafintoci da direbobi da masu buga waya. Makarantar boko ta farko a Kano, wadda Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa a 1909, ba ta yaye isassun ɗalibai ba, kuma galibinsu aikin En'e aka tanadar musu. Dole aka ɗauko ma'aikata daga Ikko da sauran garuruwan kudu, har da Saliyo da Gwalkwas.

Matsalar da ta fuskanci Turawa ita ce inda za a ajiye waɗannan mutane. Sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addini ba, kuma ba su manta da yadda Sarki Alu ya sallami tawagar 'yan mishan ta Bishop Tugwell da Dakta Miller a 1900 ba. Amma akwai wani dalili da ba su cika faɗa a fili ba, wato tsoron kada 'yan bokon kudu, masu karanta jaridun Ikko da ɗaukar lauya, su koya wa talakawan sarki jayayya da hukuma. Saboda haka a 1913 aka yanka Sabon Gari a bayan ganuwa, aka ja masa tituna a miƙe, aka raba fuloti-fuloti. Dokar garuruwa ta 1917 ta ƙara tabbatar da shi a ƙarƙashin Joji, wato Baturen da ke kula da bariki, ba ƙarƙashin Sarki ba. Mutanen Arewa da ba Kanawa ba kuwa aka riƙa karkata su zuwa Fagge da Tudun Wada da Gwagwarwa.

Idan aka auna wannan tsari da ma'aunan da aka ambata a baya za a ga babu wanda ya tsira. Baƙon da ya sauka a tashar jirgi ba ya bukatar fatoma, ɗan garinsu ne zai tarye shi. Ba mai unguwa ne zai ba shi fili ba, ofishin Joji ne. Ba ya zuwa gaban alƙali. Harajinsa ba ya bi ta fada. Ɗansa zai shiga makarantar mishan ko ta ƙungiyar ƙabilarsu, inda Ingilishi ne harshen karatu. Hausar da zai koya ta kasuwa ce, wadda ta isa ciniki amma ba ta isa neman aure ba. A farkon shekarun 1930 da aka ga ya kamata unguwar ta sami shugaba, wani tsohon akawu mutumin Gwalkwas mai suna France aka ɗora, bayansa kuma Barlatt-Hughes mutumin Saliyo. Sai a 1940 aka mayar da Sabon Gari ƙarƙashin En'e ta Kano, bayan an yi shekara 27 ana zaman kowa da nasa.

Kuskure ne a ɗauka cewa tun farko unguwar ta Ibo ce ko ta Kirista zalla. A shekarunta na farko akwai Hausawa da Nufawa da Yarabawa Musulmi da yawa a cikinta. Yawan Ibo ya ƙaru ne bayan da aka haɗa layin dogo na gabas da na arewa, musamman da aka gama gadar Makurɗi a 1932. Amma a idon mutumin birni duk wannan bambanci bai fito ba. Abin da ya gani shi ne wuri guda da aka halatta sayar da giya, aka gina coci-coci da otal-otal, ga kiɗa da rawa har dare, ga kuma matan da suka gudo daga gidajen aure. Kalmar bariki ta ɗauki ma'anar lalacewa, har ya zama idan aka ce wane ɗan bariki ne ko wance ta shiga bariki, an gama zagin su. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne cewa cikin masu zuwa shan giyar da dare akwai 'yan birni ba kaɗan ba. Sunan Inyamuri ma da aka laƙaba wa Ibo, wanda aka ce ya samo asali daga yadda suke roƙon ruwan sha da harshensu, yana nuna iyakar sanin da aka yi musu: an ji maganarsu, ba a san ma'anarta ba.

Su ma mazauna Sabon Gari ba su ɗauki kansu masu zama ba. Kowace ƙabila ta kafa ƙungiyarta, ana tara kuɗi ana aikawa gida, ana komawa gida a yi aure, gawa ma sau da yawa gida ake kai ta. Da yawa daga cikin 'yan bokonsu kuma suna yi wa Bahaushe kallon wanda bai waye ba. Raini ya zama ta kowane ɓangare. Bayaraben Ilori Musulmi da ya sauka a 1925 ya tarar da hanyar da kakanninsa suka bi zuwa Ayagi ta toshe, ya zauna a Sabon Gari, ya gina masallacinsa daban da limaminsa daban.

3.4 Kwarori

Mutanen Labanan da Siriya, waɗanda Kanawa ke kira Kwarori, sun faɗa tsaka-tsaki. Turawa ba su yarda su zauna cikinsu ba, ba a kuma kai su Sabon Gari ba, sai aka ba su wuri a Fagge ta Kudu, inda kasuwar Kantin Kwari ta samo sunanta. Sun iya Hausa ƙwarai, sun yi hulɗar gyaɗa da yadi da attajiran birni, daga baya suka kafa masana'antu, waɗansu suka karɓi takardar zama 'yan ƙasa. Albasu (1995) ya yi cikakken nazari a kansu. Duk da haka ba a ɗauke su Kanawa kamar yadda aka ɗauki Larabawan Dandalin Turawa ba, kuma babban dalili shi ne aure. Ba kasafai suke ba ɗan ƙasa 'yarsu ba.

3.5 Daga Raini Zuwa Zubar da Jini

Shekara arba'in aka yi ana zaman doya da manja ba tare da babban rikici ba. Siyasar neman mulkin kai ce ta mayar da bambancin unguwa ya zama gaba. A ranar 31 ga Maris 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956 a majalisar wakilai ta Ikko, wakilan Arewa suka ƙi amincewa da sa rana, aka yi musu ihu da ature a titi. Da jam'iyyar Action Group ta turo tawaga Kano ƙarƙashin S. L. Akintola a watan Mayu, sai faɗa ya ɓarke daga ranar 16 zuwa 19 ga wata. Alƙaluman hukuma sun nuna mutum 36 sun mutu, 241 sun ji rauni. Abin da ya kamata mai nazari ya tsaya a kai shi ne, jam'iyyar da ta jawo maganar ta Yarabawa ce, amma faɗan ya fi tsanani tsakanin 'yan Arewa da Ibo. Dalili kuwa a bayyane yake. Ibo ne ke gogayya da ƙaramin ɗan kasuwa da ɗan ƙwadago na Fagge a kan rumfa da aikin reluwe da sayen gyaɗa, su ne kuma ake tararwa a bayan kanta a gidan waya da tashar jirgi. Manufar fifita 'yan Arewa a aikin gwamnati da gwamnatin Sardauna ta bi daga baya ta samo ƙarfinta ne daga wannan tsoro.

Abin da ya faru a 1966 ya wuce na 1953 nesa ba kusa ba. Bayan kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa a juyin mulkin 15 ga Janairu, da dokar haɗe ƙasa ta 34 da Janar Ironsi ya kafa a ranar 24 ga Mayu, an kai wa Ibo hari a ƙarshen watan ana kiran a raba. A ranar 1 ga Oktoba sojojin bataliya ta biyar suka yi tawaye suka karkashe Ibo a filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa da cikin Sabon Gari. Waɗanda suka tsira suka tafi gabas, unguwar ta yi kusan zama kufai. Babu wani bayani na tarihi da zai wanke wannan kisa. Amma kuma tarihi ya nuna cewa bayan ƙarewar yaƙin basasa a 1970 Ibo sun dawo Kano da yawa, da dama daga cikinsu kuma sun karɓi gidajensu, saɓanin abin da ya faru da su a Fatakwal. Wannan ya nuna cewa Kanawa sun yarda da su a matsayin abokan ciniki da masu dukiya a gari, ko da ba su yarda da su a matsayin 'yan gari ba.

Rikice-rikicen da suka biyo baya sun ƙara dagula ma'aunan da aka saba da su. Muhammadu Marwa Maitatsine Musulmi ne mai wa'azi da Hausa, ya kuma daɗe a Kano, amma bayan tarzomar Disamba 1980, wadda kwamitin Mai Shari'a Aniagolu ya ce ta ci rayuka 4,177, asalinsa na Kamaru aka fi tunawa, aka kuma shiga zargin almajirai da 'yan cirani daga Nijar da Chadi da Kamaru. Rikicin Oktoba 1991 kan zuwan mai wa'azin Kirista Reinhard Bonnke ya bi layin addini. Na Yuli 1999 kuwa, wanda ramuwar gayya ce kan kashe Hausawa a Shagamu, ya bi layin ƙabila, domin Musuluncin Bayarabe bai zame masa kariya ba a wannan karon. Ke nan baƙon ƙarni na ashirin ya zama wakilin wani yanki na Nijeriya, ana kama shi da laifin da aka yi a garin da wataƙila bai taɓa zuwa ba. Ba a taɓa ɗora wa Wangarawa laifin Mali ba.

3.6 Takardar Shaidar Asali

Tsarin mulkin 1979 ya kawo tsarin raba muƙamai tsakanin jihohi, ya kuma fassara ɗan jiha da cewa shi ne wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗaya daga cikin kakanninsa ya fito daga al'ummar da ke da asali a jihar. Tsarin mulkin 1999 ya maimaita haka. Daga nan takardar shaidar asali da ƙaramar hukuma ke bayarwa ta zama mabuɗin samun gurbin karatu da tallafin karatu da aikin gwamnati. Tun da dokar ba ta fayyace wace al'umma ce mai asali ba, sai hukuncin ya koma hannun masu unguwanni da dagatai da hakimai, su kuwa da tsohon ma'auni suke aiki. Malam Ibrahim Shekarau, wanda mahaifinsa ɗan sanda ne mutumin Biu, an haife shi a unguwar Kurmawa cikin birni a 1955, ya yi gwamnan Kano daga 2003 zuwa 2011, aka kuma naɗa shi Sardaunan Kano. Abokan hamayyarsa sun tayar da maganar asalinsa a lokacin zaɓe, amma ba ta hana Kanawa zaɓensa har sau biyu ba. Sa'ansa da aka haifa a wannan shekara a Sabon Gari, wanda mahaifinsa ya zo aikin reluwe daga Onica ko Abekuta, in ɗansa na neman wannan takarda, galibi sai ya hau mota ya tafi garin kakansa.